Kareti da Horon Kare Kai ga Mata da Yara

Kareti salon faɗa ne na hannu da ƙafa, ba makami, wanda ya taso a tsibirin Okinawa da ke can kudancin ƙasar Japan. Mai koyonsa yakan koyi naushi da shuri, da bugu da gwiwar hannu da ta ƙafa, da yadda ake tare bugun abokin karawa ko a goce masa. A yau da wuya a sami ƙasar da ba a koyar da shi, kaso mai tsoka na ɗalibansa yara ne, mata kuma sai ƙaruwa suke yi. Idan aka tambayi iyaye dalilin kai 'ya'yansu, ko aka tambayi matar da ta yi rajista da kanta, amsar da aka fi ji ita ce kare kai. Dalili ne mai tushe, sai dai yana buƙatar tantancewa, domin kareti da horon kare kai kowanne da aikinsa, kuma wanda ya ɗauki ɗaya a madadin ɗayan yana iya faɗawa haɗari yana zaton ya shirya.

Asalinsa da yaɗuwarsa

Kafin Japan ta haɗe Okinawa da ƙasarta a 1879, tsibirin shi ne cibiyar masarautar Ryukyu, wadda ta daɗe tana fatauci da ƙasar Sin. Ta wannan hanya ce dabarun faɗan Sinawa suka shigo suka gauraya da na 'yan ƙasa. Labarin da ya fi yaɗuwa shi ne cewa hana riƙe makami, musamman bayan mamayar da mayaƙan Satsuma suka kawo daga Japan a 1609, shi ya tilasta wa talakawa komawa ga hannu da ƙafa. Masana tarihi da dama suna ganin an yi wa labarin ƙarin gishiri, tunda galibin tsofaffin malaman da aka san sunayensu daga gidajen masu mulki da fadawa suka fito. A wancan zamani malami ɗaya ne da almajirai 'yan kaɗan da ya yarda da halinsu, sau da yawa a farfajiyar gidansa da dare.

Anko Itosu ne ya fito da abin fili. A farkon ƙarni na 20 ya yi ta fafutuka har aka sa kareti cikin darussan makarantun gwamnati na Okinawa, ya kuma tsara jerin atisaye guda biyar masu sauƙi, waɗanda ake kira Pinan, domin a iya koyar da ɗalibai da yawa a lokaci guda. Karetin da yara ke koyo yau, a Tokiyo ko a Legas, daga wannan gyara na makaranta ya gangaro: an tsara shi ne da niyyar gina jiki da tarbiyya.

Almajirinsa Gichin Funakoshi, wanda malamin makaranta ne, ya nuna kareti a wani baje kolin wasanni a Tokiyo a 1922, ya kuma zauna a can yana koyarwa, musamman a jami'o'i, har rasuwarsa a 1957. Daga judo, wanda Jigoro Kano ya kafa a 1882, aka aro fararen tufafin horo da tsarin ɗamara mai nuna matsayin ɗalibi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sojojin Amurka da aka girke a Okinawa da Japan suka koya suka kai gida, ƙungiyar kareti ta Japan da aka kafa a 1949 kuma ta riƙa tura malamai ƙasashen waje. Manyan rassa huɗu ne suka fi shahara a gasa: Shotokan na Funakoshi, da Goju-ryu, da Shito-ryu, da Wado-ryu.

A ƙasar Hausa mutane da yawa ta finafinan Chainis suka fara sanin abin, a gidajen silima sannan a kaset ɗin bidiyo, har ya zama duk faɗan da aka yi tsalle aka kai shuri kareti ake ce masa, ko da kuwa kunfu ne na Sinawa ko takwando na Koriya. Wasan ƙarfi dai ba baƙo ba ne a nan. Akwai dambe, akwai kokawa, wadda a Nijar ake yi wa gasar takobi ta ƙasa tun 1975. Amma waɗannan fagage na maza ne, mace sai dai kallo ko guɗa. Kareti da takwando da judo su suka zo da ƙofar da mace za ta shiga a matsayin ɗaliba.

Abin da ake yi a ɗakin horo

Ana kiran ɗakin horo dojo, malami kuma sensei. Darasi yakan ɗauki awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Ɗalibai kan jeru sahu-sahu ba takalmi, gwargwadon launin ɗamararsu, a yi gaisuwa, a ɗumama jiki da gudu da miƙe gaɓoɓi, sannan a shiga aikin, wanda ya kasu uku.

Na farko shi ne kihon, wato tushen abin: tsayuwa, taku, naushi, tarewa da shuri, ana maimaita kowanne har jiki ya haddace. Malami yana ƙirga da Japananci, sahu yana gaba yana dawowa baya. A nan ake koyon abin da ya fi wa mai ƙaramin jiki amfani, cewa ƙarfin naushi ba a damtse yake ba. Daga ƙasa yake tasowa, ta dunduniyar ƙafar baya, ya bi ta juyawar ƙugu, ya fita ta hannu, numfashi kuma ya fita tare da shi a daidai lokacin bugun. Siririyar yarinya da ta iya juya ƙugunta tana iya dukan jakar horo da ƙarfin da zai ba ƙato mamaki. Na biyu kata ne, tsararren jerin motsi da ɗalibi ke yi shi kaɗai kamar yana fuskantar mahara ta kowace kusurwa. Na uku kumite, karawa tsakanin mutum biyu, da farko bisa yarjejeniya, an san bugun da za a kawo da yadda za a tare shi, daga baya kuma a saki kowa ya yi dabararsa. A wasu gaɓoɓi na atisaye akan saki wata gajeriyar tsawa daga ciki, wadda ake kira kiai. Ga yarinyar da aka rena a kan sassauta murya, wannan tsawa takan fi naushi wuyar koyo, kuma a waje ta fi shi amfani.

Daga farar ɗamara ake farawa, a bi launuka ta hanyar jarrabawa, kuma baƙar ɗamara kan ɗauki shekara uku zuwa biyar na horo ba fashi.

Ƙa'idojin gasa sun cancanci a san su, domin su ke nuna iyakar kareti a matsayin wasa. A tsarin Hukumar Kareti ta Duniya, naushi maki ɗaya ne, shuri a gangar jiki biyu, shuri a kai ko bugu a kan wanda aka kayar uku. Dole a sarrafa bugu, ba a yarda a yi da ƙarfin da zai raunata ba. An haramta taɓa maƙogwaro, da kai hari ga al'aura ko gaɓoɓi, da bugu da kai ko gwiwa ko gwiwar hannu. A wasan ƙarshe na maza masu nauyi a gasar Olamfik ta Tokiyo, Tareg Hamedi na Saudiyya ya rasa zinare saboda shurin da ya sumar da Sajad Ganjzadeh na Iran. Wanda aka sumar shi aka ba lambar. Wannan tsari yana kare lafiyar 'yan wasa, kuma shi ya sa kareti ya dace da yara. Amma abin lura shi ne wuraren da aka haramta taɓawa a gasa su ne wuraren da mace ke buƙatar sani idan ƙato ya danne ta.

Mata a fagen wasan

Tun daga 2013 Hukumar Kareti ta Duniya ta amince mata su shiga gasa da ɗan kwali mai rufe gashi, abin da ya buɗe hanya ga 'yan wasa daga ƙasashen Musulmi. Kareti ya shiga Olamfik sau ɗaya, a gasar Tokiyo da aka yi a 2021, ba a kuma sa shi a ta Faris ta 2024 ba. A wannan karo ɗaya Feryal Abdelaziz ta zama mace ta farko daga Masar da ta ci zinare a tarihin Olamfik, Sandra Sánchez ta Sifaniya kuma ta ci zinaren kata tana da shekara 39. A Nijeriya akwai gasar kareti ta mata zalla da ake yi a Legas da sunan Hajiya Zainab Saleh, wadda ita kanta mai baƙar ɗamara ce.

Tufafin kareti riga ce mai dogon hannu da wando har idon sawu, ba ya kama jiki, saboda haka batun sutura ba ya zama cikas kamar a wasu wasanni. Abin da wasu iyaye Musulmi ke ɗari-ɗari da shi shi ne sunkuyawar gaisuwa, wadda suke ganin ta yi kama da ruku'u. Al'adar girmamawa ce ta Japanawa, kuma malamin da ya san inda yake koyarwa yakan amince da wata gaisuwar a madadinta. Magana ce da ya kamata a yi ta tun ranar rajista.

Inda kareti ya tsaya

Tunanin koya wa mata kare kai ya riga yaɗuwar kareti. A Landan, wajen 1913, Edith Garrud, mace gajeriya da ba ta kai ƙafa biyar ba, ta koya wa masu fafutukar neman 'yancin zaɓe ga mata dabarun jujutsu domin su kare shugabanninsu. Amma darasin da ya raba kareti da kare kai a Amurka aka koye shi. A 1971 an yi wa wata mai baƙar ɗamara fyaɗe, duk da shekarun da ta yi tana horo. Matt Thomas, wanda suke horo tare, ya bi diddigin rahotannin hare-hare masu yawa, ya gano cewa yadda ake kai wa mata hari bai yi kama da kumite ba ko kaɗan: ba a tsayawa fuska da fuska, riƙewa ake yi, a shaƙe, a kayar ƙasa. Daga nan ya tsara horon da malami ke sa kayan kariya masu kauri daga kai har ƙafa, ya kawo hari irin na gaske, da zagi da barazana, ɗaliba kuma ta doke shi da iya ƙarfinta.

Girman matsalar ba ƙarami ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa kusan mace ɗaya cikin uku a duniya ta taɓa fuskantar duka ko cin zarafi ta hanyar jima'i, kuma mafi yawa daga hannun miji ko saurayi. A Nijeriya, binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi a 2014 tare da UNICEF ya nuna yarinya ɗaya cikin huɗu da yaro namiji ɗaya cikin goma sun fuskanci cin zarafi ta hanyar jima'i kafin su kai shekara 18, kuma galibinsu sun san wanda ya yi musu.

Wannan batu na ƙarshe shi ne ginshiƙin maganar. Hoton da mutane ke da shi a zuci na baƙo ne a lungu da dare, alhali wanda ya fi yawa shi ne maƙwabci, ko mai shago, ko malami, ko saurayi, ko ɗan uwa da ke shiga gida ba sallama. Hausawa na cewa tsoro na daji, kunya na gida, kuma da kunyar nan mai cin zarafi ke aiki. Yarinyar da za ta iya shurin baƙo ba lallai ta iya ɗaga wa kawunta murya ba. Tana gudun a ce ba ta da tarbiyya, tana gudun kada a ce ita ta jawo, tana kuma kokwanton ko ita ce ta yi wa abin mummunar fahimta. Kafin ta gama wannan lissafi an kulle ƙofa.

Akwai kuma abin da jiki ke yi da kansa. Wani bincike da aka buga a Suwidin a 2017, a kan mata 298 da suka je asibitin gaggawa na waɗanda aka yi wa fyaɗe a Stockholm, ya nuna kashi 70 cikin ɗari jikinsu ya sandare a lokacin harin, sun kasa motsi ko ihu. Ba yarda ba ce, ba kuma ragwanta ba. Tsananin tsoro ne ke ɗaure jiki. Wajibi ne iyaye da alƙalai su san wannan kafin su tambayi yarinya me ya hana ta ihu.

Abin da horon kare kai ke koyarwa

Kyakkyawan horon kare kai gajere ne, yawanci awa 12 zuwa 30, kuma mafi yawansa ba bugu ba ne. Yana farawa da gane alamun haɗari tun da wuri: mutumin da ke neman keɓewa da mace, wanda ba ya jin a'a a ƙananan abubuwa, mai yawan kyauta da neman a riƙe sirri, direban a-daidaita-sahu da ya saki hanya ba bayani. Sai amfani da murya, wato faɗin abin da ba a so a fili, da gajerun kalmomi, ba murmushi ba neman afuwa, da ihu mai ma'ana wanda ke kiran mutane da gaya musu abin da ke faruwa. Sai gudu zuwa inda jama'a suke. Bugu shi ne na ƙarshe, kuma manufarsa samun 'yan daƙiƙun kuɓucewa.

Ana koyar da waɗannan ne ta kwaikwayo. A ce ajin 'yan mata masu talla ne. Malama ta tsaya a bakin ƙofa a matsayin mai saye ta ce, “Shigo ciki ki karɓi kuɗinki, babu canji a nan.” Yarinya ta tsaya daga nesa, inda masu wucewa ke ganinta, ta ce, “A'a, Malam, a miƙo mini a nan.” Malama ta matsa, ta yi lallashi, ta yi fushi, ta ce, “Ni sa'an babanki ne, tsorona kike ji?” Yarinya ta maimaita maganarta ba ƙari, idan aka taho wajenta ta ajiye faranti ta ruga tana kiran mutane. Ana maimaitawa har kalmomin su zauna mata a baki. Amma duk wannan ba zai yi aiki ba sai uwa ta riga ta gaya mata cewa in ta dawo ba kuɗin talla saboda ta gudu, ba wanda zai dake ta. Yara da yawa tsoron dukan gida ne ke shigar da su kango.

Dabarun jiki kaɗan ne, an zaɓe su don ba sa buƙatar ƙarfi ko shekarun horo. Idan aka riƙe wuyan hannu, ba a ja da baya kai tsaye. Ana murɗa hannun zuwa wajen babban yatsan mai riƙon, inda riƙo ya fi rauni, a fizge da nauyin jiki duka tare da taku. Ana bugu da gindin tafin hannu a hanci ko haɓa, domin dunƙulallen hannun da bai saba ba yana iya karyewa. Gwiwar hannu na aiki ga wanda ya rungumo ta baya, gwiwar ƙafa ga maraina, yatsu ga ido. Idan an kai ƙasa, ana koyon kwanciya ta gefe a yi shuri da dunduniya, da ɗaga ƙugu da ƙarfi don kifar da wanda ya hau. Shuri mai tsawo irin na fim ba shi da wuri a nan, balle ga mai zani ko doguwar riga da silifas. Saboda haka ya kamata a riƙa yin wasu darussan da kayan da ake fita da su, har da hijabi, domin mahari na iya cafko shi ta baya, kuma gara ɗaliba ta san yadda za ta zame daga cikinsa tun a aji.

Inda makami ya fito kuma abin hannu ake nema, kowane malami na gari abu ɗaya yake cewa: a bayar. Masu ƙwacen waya da wuƙa sun kashe mutane a biranen Arewa a kan wayar da ba ta taka kara ta karya ba, kuma babu ɗamarar da ke tare harsashi.

An gwada irin wannan horo an ga sakamako. A Kanada, Farfesa Charlene Senn ta Jami'ar Windsor ta jagoranci gwaji a kan ɗalibai mata 893 'yan shekarar farko a jami'o'i uku, aka buga sakamakon a 2015. Rabi sun yi horon awa 12, wanda awa biyu kacal a ciki ne na dabarun jiki, rabi kuma takardun wayar da kai kawai aka ba su. Cikin shekara ɗaya, kashi 9.8 cikin ɗari na waɗanda aka ba takardu an yi musu fyaɗe, a waɗanda suka yi horo kuwa kashi 5.2 ne. A unguwannin talakawa na Nairobi a Kenya, ƙungiyar No Means No Worldwide ta tsara darussa shida na awa biyu-biyu ga 'yan matan sakandare. Binciken da aka buga a 2013 ya nuna adadin waɗanda suka ce an ci zarafinsu ya sauko daga kusan kashi 25 zuwa kashi 9 cikin ɗari. Fiye da rabin 'yan matan sun ce sun yi amfani da abin da suka koya wajen hana wani hari, kuma kimanin rabin waɗannan da baki kawai suka tsira, ba su kai hannu ba. Alƙaluman sun dogara ne da abin da 'yan matan suka faɗa da bakinsu, amma sun yi daidai da na Kanada. Shirin na Nairobi yana da ajin samari ma, inda ake koya musu mutunta a'a da shiga tsakani idan sun ga ana cin zarafi.

Wasu ƙasashe sun ɗauki abin da muhimmanci. Gwamnatin Indiya tana ɗaukar nauyin horon kare kai na wata uku ga 'yan mata a makarantun gwamnati. A Amman ta Jodan, Lina Khalifeh, gwanar takwando, ta buɗe cibiyar SheFighter ta mata zalla a 2012, wadda ta zama abin koyi ga al'ummomin da ba sa son cakuɗa maza da mata a wajen horo.

Kareti bai zama banza ba saboda wannan. Yana ba da abin da kwas ɗin mako shida ba zai bayar ba: ƙarfin jiki, saurin motsi, sanin tazara, da sabawa da ganin hannu ya nufo fuska ba tare da rufe ido ba. Macen da ta haɗa biyun ta fi kowa shiri. Wadda kuwa lokaci ko kuɗi ya sa dole ta zaɓi ɗaya domin tsaron kanta, gajeren horon kare kai ya fi dacewa da buƙatarta.

Yara

Yawancin makarantu kan karɓi yara daga shekara biyar ko shida, lokacin da yaro ke iya tsayawa a sahu ya bi umarni. Amfanin kareti gare su a bayyane yake: motsa jiki, daidaiton gaɓoɓi, natsuwa, jiran layi, da koyon shan kaye ba kuka. Yana taimaka wa yaron da 'yan ajinsu ke cin zalinsa, sau da yawa ba tare da ya doki kowa ba, domin tsayuwarsa da kallonsa sun sauya. Koyarwar Funakoshi ta nanata cewa mai kareti ba ya fara kai hari, kuma malami na gari yakan dakatar da yaron da ya je yana gwada shuri a kan ƙannensa.

Jikin yaro yana da iyaka. Ƙasusuwansa ba su gama ƙwari ba, don haka ba a sa shi dukan katako ko fasa bulo don taurara hannu. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka, a rahoton da ta fitar a 2016, ta ba da shawarar a jinkirta karawa mai taɓa jiki har sai yaro ya nuna ya kai a jiki da hankali, saboda haɗarin bugu a kai. Yaron da ya sha bugu a kai ya yi jiri, ko amai, ko ruɗewa, ba ya komawa fage ranar, likita ake kai shi.

Gaskiyar da ba a son faɗa ita ce ɗan shekara takwas ba zai ka da babban mutum ba, ko wace irin ɗamara ya ɗaura. Gaya masa akasin haka cutar da shi ne. Kare kai ga yaro ilimi ne: ya san sunan kowane sashe na jikinsa ba kunya, ya san wuraren da ba mai taɓawa, ya san cewa babba na gari ba ya neman yaro ya ɓoye wa iyayensa sirri, ya kuma san yana da izinin cewa a'a ga babba, ko Yaya ne ko Kawu ko Malam, idan abin ya shafi jikinsa. Idan an ɗauke shi da ƙarfi, ya yi ihu yana cewa wannan ba babansa ba ne, ya yi ta mutsu-mutsu, ya ciza, ya saki nauyinsa ƙasa. Ya kasance yana da manya biyu ko uku da zai gaya wa, in na farko bai saurare shi ba ya je ga na biyu. Wannan ya shafi yara maza daidai da mata, har da almajirai da ke nesa da iyayensu, waɗanda su ne aka fi mantawa da su a wannan magana. Nauyin tsaron yaro yana wuyan manya. Horo ƙari ne a kan kulawarsu.

Zaɓen makaranta da abin da doka ta ce

Shi kansa ɗakin horo wuri ne da babba ke da iko a kan yara kuma yake taɓa jikinsu don gyara tsayuwa, saboda haka yana buƙatar sa ido. Makarantar kirki tana barin iyaye su zauna su kalli darasi duk ranar da suka so. Ba ta barin malami ya keɓe da yaro ɗaya a ɗaki ko a tafiyar gasa. Tana da malama mace ko wata babbar mace a ajin 'yan mata, tana da alaƙa da ƙungiyar kareti ta jiha ko ta ƙasa, malamin kuma zai iya faɗin wanda ya ba shi ɗamararsa. Wanda ke horo da bulala, ko yake alƙawarin baƙar ɗamara cikin wata shida, ko yake haɗa kareti da layu da maganin tauri, a nisance shi.

Doka ta amince da kare kai. Dokar Final Kod ta Arewacin Nijeriya, daga sashe na 59, ta ba mutum haƙƙin kare jikinsa da na waninsa, ta kuma lissafa fyaɗe da satar mutum cikin hare-haren da ake iya tunkara da ƙarfi mafi tsanani. Sharaɗin shi ne kada ƙarfin ya wuce abin da ake buƙata don kawar da haɗarin. Bin mahari a rama bayan ya gudu ya fita daga kare kai. A ɓangaren hukunci, akwai dokar tarayya ta 2015 da ta haramta cin zarafin mutane, Jihar Kaduna kuma ta tsananta hukuncin yi wa yara fyaɗe a 2020.

Horo yana rage haɗari, ba ya kawar da shi, kuma wadda abin ya rutsa da ita ba ta da laifi, ko ta yi faɗa ko jikinta ya sandare. Akwai cibiyoyin kula da waɗanda aka ci zarafinsu, irin su Waraka a Kano, da Salama a Kaduna, da Nana Khadija a Sakkwato, da Mirabel a Legas, inda ake duba lafiya, a ba da shawara, a kuma adana shaidar da kotu za ta buƙata. Maganin da ke kare mutum daga kamuwa da ƙanjamau bayan fyaɗe sai an fara shan sa cikin awa 72 yake aiki, saboda haka asibiti ake fara zuwa kafin a kira taron dangi.